To Ɗin da Na Ce wa Kosi

Unguwar Zariya, Maraɗi
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Rabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya kai ka Lome lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum a kan hanya, Ya sa ka sauka a hannu nagari. Innarka ma tana gaishe ka. Ita na ba takardar nan a liƙe, na ce ta sa maka a jaka saman kilishin da ta ƙulle maka, don na san nan hannunka zai fara zuwa tun kafin ku kai Ƙwanni.

Ban zaunar da kai na yi maka magana da baki ba saboda na san halina, na kuma san naka. Ni in raina ya ɓaci murya nake ɗagawa, kai kuma sai ka sunkuyar da kai ka ce to Baba, in tashi ban san ko ka ji ba, ban san ko ka yarda ba. Yau kuwa raina a ɓace yake, Rabe, ba zan ɓoye maka ba. Tun jiya ban ci abincin kirki ba, kuma kai ne dalili.

Ka san maganar. Makon jiya Afi ta kira ni a salula daga Lome, ta ce mahaifinta Kosi ya rasu, mutumin da ya sauke ni a gidansu lokacin ina saurayi kamarka, kuma za a binne shi Asabar ta sama. Ni likita ya hana ni doguwar tafiya saboda gyambon ƙafar nan da ciwon sukari ya hana warkewa. Tunda Allah Ya sa tafiyarka ta tsayawa a kan kayanmu a tashar jirgin ruwa ta faɗo daidai, na ce ka je jana'izar a madadina. Ka ce mini to. Na ji sanyi a raina, har na sa maka albarka.

Sai ga gwaggonka Hure jiya da hantsi daga Jiratawa, ta kawo mana zogale, ta zauna tana ta kame-kame, da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Wai ranar Lahadi da ka je yi musu ban kwana, kuna zaune bakin lambu kai da abokanka, ka ce:

"Ni in je in zauna cikin mutanen da ke ajiye gawa wata guda a ƙanƙara, sannan su fito da ita su yi mata kiɗa? Na dai ce wa Baba to ne don a zauna lafiya."

Aka yi dariya, har wani ya miƙo hannu kuka tafa. Haba Rabe! Kai da iyakarka Yamai, yaushe ka san yadda mutanen Lome suke kukan mamacinsu? Wa ya faɗa maka? Wanda kuka tafa da shi, da in an fitar da shi daga ƙasar Hausa ko ruwan sha ba zai iya roƙa ba? Ku ne kuma in kuka ji wani a can ya ce duk ɗan Nijar mai gadi ne ko mai tallar albasa, sai ku tashi da zafi ku ce an raina mu. To me ya bambanta bakinka da nasa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar nan ba taka ba ce, tawa ce. Ni na fara faɗin ta, kusan kalma da kalma, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, kuma kunya ta hana ni ba ku labarin. Yau zan ba ka shi tun daga farko, ka ga irin wautar da ubanka ya tafka, sannan ka zaɓa ko za ka gaje ta.

Kakanka ya tura ni Lome ina da shekara ashirin da biyar, in tsaya a kan kayansa na atamfa da shinkafa. Kosi shi ne wanda ke fitar mana da kaya daga duwan, wato kwastan. Sunansa na nufin wanda aka haifa ranar Lahadi, Ɗanladi ke nan a wajenmu, kuma haka nake kiransa in muna raha. Yana da 'yar Hausar da ya tsinta wajen 'yan kasuwar Zango, unguwar da mutanenmu ke zama, ni kuma ina da guntun Faransancin da na baro lakwal, makarantar boko, da shi, da su muka yi ta lallaɓawa. Shi ya tarbe ni a tasha, ya ce ba zan kwana a masauki ba alhali uwarsa tana da ɗaki babu kowa.

Na isa bayan kwana uku a mota, yunwa har ta sa ina ganin duhu-duhu. Uwar tasa, wadda kowa ke kira Dada, ta ba ni ruwa na sha, sannan ta kawo tuwon masara da miyar kifi yana tururi, ta ajiye a gabana. To me ɗan Maraɗi mai tarbiyya zai ce? Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ina jira ta ce haba, ɗan taɓa mana, in ce a'a wallahi, ta sake matsawa, a na uku in wanke hannu. Kosi ya fassara mata, ta gyaɗa kai, ta ɗauke kwanonta ta shige. Na bi kwanon nan da ido har ya ɓace. Kwana uku muna haka, tana kawowa, ina cewa na ƙoshi, tana ɗaukewa. Ni kuwa sai in faki ido in tafi Zango in ci ƙosai a tsaye, ina ba mutanenmu labari wai ban taɓa ganin marowata irin waɗannan ba, sau ɗaya tak suke tayi.

A rana ta huɗu Kosi ya tare ni a bakin ƙofa, ya tambaye ni kai tsaye, babu kewaye-kewaye, ko ƙyamar abincin uwarsa nake yi. Ashe tsohuwar nan tun kafin in iso ta sayo sabuwar tukunya saboda ni, ta daina sayen nama sai kifi, don an gaya mata Musulmi ba kowane yanka yake ci ba. Kuma duk lokacin da ta ɗauke kwanon, ɗaki take shiga ta zauna jugum. A gidan nan, matsa wa babban mutum ya ci abin da ya ce ba ya so rashin ladabi ne. Ni ina can ina yi mata tambarin rowa a Zango, ita tana nan tana zaton ƙazanta na gani a hannunta.

To ka ji. Karar da muka koya muku a gida, a gida take aiki, domin kowa a nan ya san wasan, ya san "na ƙoshi" ta farko ba a ƙirga ta. Can in ka ce ka ƙoshi, ka ƙoshi ke nan. In kana jin yunwa ka ci, in kana shakkar nama ka tambaya a fili cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi. Haka in kana magana da babba a ofis, ka ɗago kai ka dube shi, sunkuyon da muke kira ladabi wasu ɗauka suke yi kana ɓoye wani abu ne. In kuma mutum bai gane abin da ka binne a ƙarƙashin maganarka ba, kada ka ce ba shi da tarbiyya, ba a gidanku aka raine shi ba.

Wautata ta biyu ta fi wannan daɗewa. Makonnin farko komai na Lome burge ni yake yi, teku, kwakwa, jiragen ruwa. Da aka yi wata biyu sai komai ya koma ba ni haushi. Ƙarnin kifi, gumin da ba ya bushewa, mata masu ciniki da murya a sama, yaran da ke amsa wa manya a tsaye babu durƙuso, gangunan cocin bayan gida ranar Lahadi. Na koma ina wuni a Zango cikin wasu dattawa namu, muna shan shayi muna sukar 'yan gari tun safe har azahar. Akwai wanda ya shekara talatin a garin bai iya cewa sannu da yarensu ba, kuma wai shi ne malaminmu a kan halinsu. Duk abin da ya faɗa sai in haɗiye, in koma gidan Dada da yamma in ci tuwonta, ina kallonta da idon da aka ara mini.

Sai daga baya na gane mutanen Lome ba su canza ba, kewar gida ce ta kama ni, ban san ita ce ba, na ɗora wa mutane laifi. Kai ma za ta kama ka, wajen wata na biyu ko na uku, har yadda suke dariya sai ya riƙa ba ka haushi. In ta zo ka kira innarka, ka je Zango ka sha fura, ka yi Juma'a, ka ji Hausa ta cika maka kunne, ba laifi ba ne. Amma kada ka yanke wa kowa hukunci a cikin kwanakin nan, kuma kada ka koyi halin 'yan gari daga bakin wanda bai taɓa shiga gidajensu ba. In ka ga abin da ya ɗaure maka kai, ɗan garin za ka tambaya me ya sa suke yin haka. Yaran da nake cewa ba su da ladabi, ashe hannu suke naɗewa a ƙirji in babba na magana, durƙusonsu ke nan, ni ne ban iya gani ba. Ka kuma koyi gaisuwarsu tun makon farko ko za su yi maka dariya. Ranar da na fara gaishe da Dada da yarenta, sai da ta kira maƙwabta suka zo na maimaita.

Yanzu ka natsu, ga inda nake so in kai ka. A shekara ta biyar da saninmu kakanka ya rasu a Tsibiri. Ina gida lokacin. Ya cika da hantsi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Na aika wa Kosi saƙo don dai ya sani. Kwana uku sai ga mutum ya sauka daga mota a bakin kasuwar Tsibiri, cikin baƙar kwat, ƙafafunsa sun kumbura saboda zama, yana tambayar gidanmu. Hutun mako biyu ya ɗauko, domin a lissafinsa ko shirin jana'iza ba a fara ba. Ya tambaye ni yaushe za a binne Alhaji. Na ce ai an binne shi tun ranar. Rabe, na ga fuskarsa. A wurinsu wanda ake binnewa da gaggawa haka shi ne wanda ba shi da kowa, ko wanda dangi ke jin kunyar irin mutuwar da ya yi.

Mutumin nan yana da damar ya koma Lome ya zauna cikin abokansa ya ce Hausawa jefa iyayensu suke yi a rami tun jikinsu bai huce ba, a yi dariya a tafa. Bai yi ba. Ya ja ni gefe ya tambaye ni dalili. Na yi masa bayani iyakar abin da Faransancina ya ɗauka, cewa a wurinmu gaggauta kai mamaci makwancinsa shi ne girmama shi. Sai ya tambaye ni shi kuma me ya kamata ya yi.

Ya cire takalmi ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, cikin kwat ɗin nan, a tsakiyar bazara. Mutumin da bai saba zaman ƙasa ba, kwana huɗu yana nan har aka yi sadakar bakwai. In an ɗaga hannu ya ɗaga, in an shafa ya shafa. Na koya masa amsa gaisuwar ta'aziyya, yana amsawa da karkataccen harshensa, tsofaffin Tsibiri suna murmushi suna ƙara gaishe shi don su sake ji. Sarƙar gicciyensa tana wuyansa a ƙarƙashin riga, bai cire ba, ba kuma wanda ya ce ya cire. Ka tambayi gwaggonka Hure, ita ta riƙa dama masa fura a kwanakin nan. Shi ya sa ta kasa haɗiye maganarka, ta hau kabu-kabu da tsufanta ta zo har nan.

Shekarar da ta biyo baya Dada ta rasu. Ina Lome. Na je gidan a ranar, na yi wa Kosi gaisuwa irin tamu, na zauna shiru na ɗan jima, na tashi. A zuciyata na sauke nauyi. Bayan mako uku ya same ni a bakin duwan, ya ce Asabar za a yi jana'iza, yana so in zo in zauna cikin dangi, ba cikin baƙi ba, domin tsohuwa ɗa ta ɗauke ni. Ni kuwa tun kwanaki 'yan shayin Zango suke hura mini kunne, wai duk wanda ya je wurin nan ya zauna cikin kiɗa da giya, imaninsa ya tafi. Zuciyata ta riga ta ƙi. Amma yaya zan dubi mutum yana cikin makoki in ce masa a'a? Sai na yi abin da kowane ɗan Maraɗi yake yi in an ritsa shi. Na ce to.

Kai ka san to ɗinmu, tunda ga shi ka gwada a kaina. Akwai mai nufin na yarda, akwai mai nufin na ji, akwai mai nufin ƙyale ni in huta, akwai wanda ake ja da ke zama gargaɗi. Mu da jin sautin mun san wanne ne. Kosi kuwa wanda ya koya masa Hausa ce masa ya yi to na nufin dakor, na amince, magana ta ƙare. To guda ɗaya ya sani a duniya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Na ga ya fahimce ni a karkace, wallahi na gani da idona, ban gyara ba. Wannan kam ba zan ce rashin sanin al'ada ba ne. Tsoro ne ya kama ni, na laɓe a bayan kunya.

Ranar Asabar na sa riga na ce bari in leƙa. Tun daga bakin layi na ji masu busa da ganguna. An tare titi da rumfuna, mata cikin atamfa iri ɗaya suna rawa suna kaɗa hankici, ga hoton Dada a ƙirjin kowa. Na maƙale jikin wani shago kamar ɓarawo, na ce a raina, mutanen da ke ajiye gawa wata guda sannan su yi mata kiɗa ai ba su san mutuwa ba. Na juya na koma Zango, na maimaita maganar a majalisa, aka yi dariya, wani ya miƙo hannu muka tafa. Ka ga ko tafin ma gado ka yi.

Ranar Litinin Kosi ya zo ya same ni. Wani ya gan ni jikin shagon, ya faɗa masa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce sun ajiye mini kujera a layin 'ya'ya, tsakaninsa da ƙanwarsa, an rubuta sunana a takarda an liƙa, ta wuni babu kowa a kanta, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaya ta wane ne. Ya ce ya je Zango da kansa ya ɗauko mahauci Musulmi ya yanka rago, an dafa shi daban, an ware mini tebur nesa da masu shan giya. Har tabarma da buta an ajiye mini a ɗakin da na taɓa zama, saboda azahar za ta riske mu a can. Ya ce kiɗan da na ji godiya ce, don tsohuwa ta cika kwanakinta ta ga jikoki, kuma da na matso da na ga masu rawar nan hawaye suke yi. Sannan ya koma Hausa, don kada in ce ban gane ba:

"Isufu, ka ce mini to."

Ka san abin da ubanka ya amsa? Na ce ai to kawai na ce, ban ce zan zo ba. Tir da wannan baki. Da tun farko na ce masa, Kosi, ina tsoro saboda addinina, faɗa mini abin da za a yi a wurin, da ya faɗa mini duk abin da ya tanada, da na je. Ko da ma a'a na ce masa a fili, da ya ji zafi ya huce, da bai liƙa sunana a kujera ya sha kunya gaban danginsa ba. Daga ranar na kasa haɗa ido da shi. Na mayar da kayanmu hannun wani, ƙarshen shekara na tattara na dawo Maraɗi. Shekara ashirin da bakwai ina cewa zan neme shi in sha Allahu, irin in sha Allahun nan da ka sani.

Ga abin da nake so ka riƙe. A can, da duk inda ba a tashi cikin Hausa ba, e ɗinka ya zama e, a'a ta zama a'a. Ana cewa a'a cikin ladabi, a ba da dalili, mutum ya fahimta. In ka ce in sha Allahu, ka faɗa don ka yi niyya kana neman taimakon Allah, ba don ka sulale ba, domin sun fara gano mu, kuma abin takaici sunan Allah muke sa su yi wa kallon hanyar zillewa. In an yi magana mai nauyi, ka maimaita wa mutum abin da ka gane, ka tambaye shi ko haka yake nufi, ka kuma sa shi ya faɗa maka abin da ya gane daga taka.

Kada kuma ka koma Jiratawa ka ce ubanka ya tsufa ya sassauta da addini. Ban ce ka sha abin da suke sha ba, ban ce ka yi rawa ba, ban ce ka yi ibadarsu ba. In suna addu'arsu ka zauna shiru, in lokacin salla ya yi ka tashi ka yi sallarka, ba mai hana ka. Na tambayi malamin unguwarmu, wanda ya fi duk abokan dariyarka karatu, ya ce shi bai ga laifin mutum ya je ya yi wa waɗanda suka kyautata masa ta'aziyya ba. Tambayar da ya kamata in yi tun wancan lokaci ke nan, na tsaya sauraron 'yan shayi. Kosi ya yi kwana huɗu a kan tabarmarmu, ya koma Lome Kirista kamar yadda ya zo.

In za ka je, ka tambayi Afi launin kayan da ake so a sa, kada ka yi gaban kanka. In ka shiga rumfa ka fara ba da hannu daga dama ka bi layi har ƙarshe, kada ka tsallake mutane ka nufi babba kamar yadda muke yi. In an ba ka ruwa ka kurɓa ko ba ka jin ƙishi. In sun tambaye ka abin da ke tafe da kai alhali sun sani, haka ake yi, ka faɗa. Ka ce kai ɗan Isufu ne na Maraɗi, ka zo raka Baba Kosi.

Saura abin da ban faɗa maka ba game da kiran Afi. Ita ce 'yar Kosi ta fari, yanzu ita ke riƙe da aikinsa, kuma wajen direbobinmu ta yi ta neman lambata har ta samu. Da ta faɗi rasuwar, ta ce suna so wani daga gidanmu ya zo. Bakina ya riga ni, na ce to. Sai ta ce a hankali yadda zan gane:

"Baba, mahaifina ya ce in kun ce to, in sake tambayar ku. E ne ko a'a?"

Ka ji, Rabe. Mutumin nan yana kwance yana jiran ajali, ya tuna da ni, bai ce kada a neme ni ba, sai ma ya koya wa 'yarsa yadda za ta yi magana da mu. Na ce mata e, wani zai zo daga gidana. Washegari na tambaye ka, ka ce to, ni da na fi kowa sanin kalmar nan na ɗauke ta yadda nake so, na kira Afi na ba ta sunanka harafi bayan harafi don a rubuta. Jiya da Hure ta gama magana na ɗanɗani abin da na ba Kosi, kuma daga hannun ɗan cikina.

Saboda haka ba umarni nake ba ka ba. Umarni zai sa ka sake ce mini to, ni kuwa ya ishe ni. Kai babban mutum ne, in zuciyarka ta ƙi, ta ƙi, ba zan yi maka baki ba, ba zan karɓe aikin daga hannunka ba. Abu ɗaya nake nema. Kafin motarku ta shiga Yamai ka kira ni ka ce e, ko ka ce a'a, da bakinka, a fili. In e ce, Allah Ya yi maka albarka, ka sauke mini abin da na kasa saukewa. In a'a ce ina buƙatar sani da wuri, domin na riga na aika tasha an tambayo mini motar Litinin, an ce akwai wuri kusa da ƙofa inda zan ɗan miƙe ƙafa. Likita ya ce kwana uku a zaune suna iya sa a yanke ta. Na ji shi. Innarka ba ta san da wannan ba, kada ka faɗa mata. Na san za ka ce wannan ma matsi ne, ƙila haka ne, amma gaskiya ce na faɗa maka ba tare da na ɓoye komai ba. Na ce wa yarinyar nan e, kuma muddin ina numfashi wani daga gidan nan zai zauna a wurin nan ranar Asabar.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya haɗa ka da mutanen kirki ko da wane yare suke magana, Ya sa kai ma ka zama mutumin kirki a idonsu. Ya raba ka da zazzaɓin ƙasar da sharrin abokai, Ya riƙe maka sallarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Salulata tana hannuna, ba zan shiga masallaci da ita a kashe ba sai ka kira.

Mahaifinka,
Isufu